Babi na Biyar: Kitsen da Madubi Ba Ya Nunawa

A shekarar 1953 wasu likitocin rundunar sojan Amurka, a ƙarƙashin William Enos, suka fitar da wani rahoto da ya tayar wa abokan aikinsu hankali. Gawawwakin sojoji 300 suka bincika, waɗanda aka kashe a yaƙin Koriya. Samari ne majiya ƙarfi, matsakaicin shekarunsu 22, kuma sai da aka tantance lafiyar kowannensu kafin a ba shi kaki. Da aka tsaga jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, sai aka tarar kashi 77 cikin ɗari sun riga sun fara tara kitse a bangon jijiyar. A wasu ɗan shafi ne kawai, a wasu hanyar ta tsuke sosai, har da waɗanda wata jijiyar ta toshe ɗungurungum. Yaƙi ne ajalinsu, amma cutar da kowa ke ɗauka ta dattawa ce ta daɗe da zama a ƙirjinsu ba da saninsu ba.

Sama da shekara 70 ke nan da wannan rahoto, amma har gobe idan aka miƙa wa matashi takardar gwaji aka ce kolestarol ɗinsa ya hau, abin da ke fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Likita, ni da ko tumbi ban ajiye ba?" Galibi ma ba abin da ya kai shi asibiti ke nan ba. Wani gwajin ɗaukar aiki ne ya kai shi, wani kuwa ciwon kai ya dame shi, aka auna aka ga jininsa ya hau, likita ya ce a haɗa har da gwajin kitse. Daga nan sai mutane su rabu biyu. Akwai mai ninke takardar ya cusa a aljihu, ya ce ai da sauran lokaci, sai ya manyanta ya waiwayi zancen. Akwai kuma wanda zai firgita ya yanke ƙwai da nama a rana ɗaya, ya koma shan ruwan zafi da lemon tsami da asuba wai don ya narkar da kitsen. Na farkon yana zubar da shekarun da suka fi amfani a wannan sha'ani, na biyun kuma yana shan wahala a inda ba nan matsalar take ba.

Shi dai kolestarol ba guba ba ne. Maiƙo ne da jiki ba ya rayuwa sai da shi: da shi ake gina bangon kowace ƙwayar halitta, da shi ake haɗa sinadaran da suka bambanta namiji da mace, da shi hanta ke yin ruwan maɗaciya mai narkar da maiƙon abinci. Mafi yawansa ma hanta ce ke sarrafa shi, wanda ke shigowa ta baki bai kai shi ba. Da yake mai da ruwa ba sa haɗuwa, ba ya iya yawo a jini haka nan, sai an naɗe shi cikin wasu ƙananan ƙunshi. Biyu daga cikinsu ne suka yi suna a takardar gwaji. LDL shi ke zagayawa da kolestarol sassan jiki, HDL kuma ya kwaso ragowar ya mayar wa hanta. Idan LDL ya yi yawa, sai ya riƙa kutsawa ƙarƙashin fatar cikin jijiya yana maƙalewa. Fararen ƙwayoyin jini su zo su haɗiye shi, su mace a wurin, sannu a hankali wurin ya zama tudu mai ɓawo a sama. Duk wannan ba ciwo, ba zazzaɓi, ba wata alama. Ranar da ɓawon ya fashe, jini ya daskare a kai ya datse hanya, in a zuciya ne a ce bugun zuciya, in a ƙwaƙwalwa ne a ce shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na mamatan a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke. Zancen cewa ciwon Turawa ne ko na masu kuɗi ya daɗe da ƙarewa.

Abin da ya sa wannan babi ya keɓe matasa ya fito fili a wani bincike da Jonathan Cohen da Helen Hobbs na birnin Dalas suka wallafa a 2006. Sun duba baƙaƙen fatar Amurka sama da 3,000 da aka bi lafiyarsu tsawon shekara 15, suka tarar kashi 2.6 cikin ɗari an haife su da wani sauyi a ƙwayar gado mai suna PCSK9, wanda ke sa LDL ɗinsu ya yi ƙasa da na sauran jama'a da kashi 28 cikin ɗari. Ragin ba wani mai yawa ba ne. Amma haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya a wajensu ya ragu da kashi 88. A gwada wannan da wanda ya fara shan magani yana ɗan shekara 60: ragin LDL kwatankwacin wancan, a cikin shekara biyar, kan rage masa haɗari da kimanin kashi ɗaya cikin biyar ne kawai. Bambancin shi ne waɗancan tun daga tsumman goyo suke da ƙarancin LDL. Ɓarnar kolestarol irin ta igiyar guga ce a bakin rijiya, ja ɗaya ba ya barin tabo, amma shekara talatin ana ja sai ka ga dutse ya yi gurbi. Saboda haka ɗan shekara 25 da ya sauke LDL ɗinsa ko da kaɗan ne, ya kuma riƙe shi a haka, ya fi cin riba a kan dattijon da ya sauke nasa da yawa bayan tudun ya gama ginuwa.

Karanta takardar ba wuya. Jimillar kolestarol ana son ta gaza 200 a ma'aunin miligiram, wato 5.2 a ma'aunin milimol da ɗakunan gwaji da yawa ke amfani da shi a Nijeriya, ko giram 2 a lita kamar yadda aka saba rubutawa a Nijar. Amma layin da ya fi cancanta a zuba wa ido shi ne na LDL. Ƙasa da 100, ko 2.6, shi ne abin so. Daga 160 ya hau, in kuwa ya kai 190, wato 4.9, to magana ta canja, kuma za a zo kanta a gaba. Akwai kuma wani layi, na wani kitse daban mai suna tiraigilisarid, wanda ake son ya gaza 150. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka na ba da shawarar a fara gwajin daga shekara 20, a riƙa maimaitawa duk bayan shekara huɗu zuwa shida idan komai lafiya. Likita mai lura, kafin ya ɗora laifi a kan abinci, zai duba ko akwai ciwon suga, ko ciwon ƙoda, ko raunin halittar nan ta maƙogwaro da ake kira tayirod, domin kowannensu na iya ɗaga lambar.

To, ina abinci ya shigo? A je teburin mai shayi da daddare a kowace unguwa, a Kano ko Maradi, a tsaya a kalla. Saurayi ya taso daga shago ko ya ajiye babur, ya zauna a benci ya ce, "Mai shayi, taliya biyu, ƙwai uku, a sa mai sosai." Mai shayi ya kwarara mai daga gora har ya kwanta a kaskon, ya fasa ƙwai a kofi ya kaɗa da albasa da attaruhu. Kafin ya soyu ya tsaga burodi ya lafta masa bota da bayan cokali, ya zuba madara da sukari a shayi, ya ɗaga kofi sama yana shiƙa har ya yi kumfa. Idan wannan saurayi ya ji kolestarol ɗinsa ya hau, ƙwan zai fara tsarguwa da shi. Alhali ƙwan ba shi ne babban mai laifi a teburin ba. Gaskiya ne gwaiduwar babban ƙwai ɗaya na ɗauke da kolestarol kusan miligiram 186, amma ga yawancin mutane, idan ya shigo ta baki hanta kan rage nata, shi ya sa a 2015 Amurka ta cire iyakar miligiram 300 a rana daga ƙa'idojinta na cin abinci. Ƙwai uku kullum dare ya yi yawa ga wanda lambarsa ta hau, guda ɗaya dafaffe kuwa ba abin tashin hankali ba ne. Abin da ya fi ɗaga LDL shi ne kitse mai daskarewa, domin shi ke sa hanta ta rage kwashe LDL daga jini. Yana cikin botar, yana cikin taliyar leda da aka riga aka soya da mai tun a masana'anta, yana cikin madarar gari da sau da yawa ake cire mata man nono a maye da na kwakwar manja, yana kuma cikin gorar man nan.

Gorar man tana buƙatar a tsaya a kanta. Da yawa daga abin da ake sayarwa a kasuwa da sunan man gyaɗa ba na gyaɗa ba ne, tataccen man kwakwar manja ne da aka cire wa ja. Mata sun san shi, shi ne wanda da hunturu ya kama sai a ce ya yi barci, sai an ajiye shi a rana ko kusa da murhu kafin ya zubo. Manja kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa, man shanu ya fi haka, man kwakwa kuwa ya haura kashi 80 cikin ɗari. Man gyaɗa na ainihi, irin wanda mata ke matsewa a gida su bar tunkuza a yi ƙuliƙuli, bai kai kashi 20 ba, haka man waken suya da na riɗi. Sannan rubutun da ake mannawa a jikin galan cewa babu kolestarol a ciki gaskiya ne, amma gaskiyar da ba ta amfanar mai saye, domin dama man tsiro ba ya zuwa da kolestarol, sai dai ya sa jiki ya tara nasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada kitse mai daskarewa ya wuce kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin yini. Mai son sauke lambarsa ba sai ya haramta wa kansa manja ba. Ya dai rage ludayin, ya sauya man suya, ya ce wa mai tsire a cire masa kitse da tozo, ya ɗaye fatar kaza, ya bar ƙwaƙwalwa da ƙoda sai jefi-jefi.

Nan take wani zai kawo misalin Fulanin daji, waɗanda nono da man shanu ne cimarsu amma ga su sirara, ƙalau. Tambaya ce mai ma'ana, kuma an bincika ta. A 2001 Robert Glew da abokan aikinsa suka wallafa nazarin da suka yi a kan Fulani makiyaya 121 a tsaunukan Jos. Kusan rabin ƙarfin abincinsu daga maiƙo yake, rabin wannan maiƙon kuma mai daskarewa ne, duk da haka kitsen jininsu bai nuna haɗari ba. Dalilin da masu binciken suka bayar shi ne jimillar abin da suke ci kaɗan ne, zirga-zirgarsu kuwa ba ta ƙarewa. Wanda ke wuni a kujerar ofis ko bayan kanta, ya hau babur zuwa masallacin da ke bayan layi, bai kamata ya ari man shanun makiyayi ya bar masa tafiyar ba.

Ragewa rabin aikin ne. Ɗaya rabin, wanda ya fi daɗin ji, shi ne abin da za a ƙara. A 2003 David Jenkins na Jami'ar Toronto a Kanada ya raba mutum 46 masu yawan kolestarol gida uku na tsawon wata guda. Rukunin da aka ba maganin rage kolestarol mai suna sitatin LDL ɗinsu ya sauka da kusan kashi 31 cikin ɗari. Rukunin da ba a ba magani ba, aka ɗora su a kan wani tsarin abinci na musamman, nasu ya sauka da kusan kashi 29. Abincin ya haɗa da waken suya, da 'ya'yan itacen almon, da bota mai wani sinadarin tsiro, da hatsin ots da sha'ir, sai kuma kayan lambu biyu da aka zaɓa da gangan: kuɓewa da gauta irin ta Turawa. An zaɓi kuɓewa ne saboda yauƙinta. Wannan yauƙi harza ce mai narkewa a ruwa, idan ta isa hanji sai ta riƙe ruwan maɗaciya ta fice da shi ta bayan gida. Dole hanta ta yi sabo, kuma da kolestarol take yin sa, sai ta janyo LDL daga jini. Binciken ƙarami ne, kuma an sa wa mutanen ido sosai, a rayuwar yau da kullum ragin ba ya kai haka. Amma abin lura shi ne miyar da wasu samarin birni ke yi wa kallon abincin ƙauye tana cikin abin da masana a Toronto suka zauna suka tsara.

Wake ma irin wannan harza gare shi, kuma ƙasar Hausa ba ta rasa hanyoyin cin sa: ɗanwake, alale, wake da shinkafa, faten wake. Alale ya fi ƙosai a nan saboda turara shi ake yi. Awara, wadda ta mamaye ƙofar makarantu da bakin titi, waken suya ce tsantsa, illarta kawai man da take sha a kasko, kuma ana iya jefa ta cikin miya ba tare da an soya ba. Ɗan dintsin gyaɗa ko riɗi a madadin biskit da cincin, kwaɗon zogale ko na rama, dambu mai ganye da yawa, kifi sau biyu a mako ko da na ƙanƙara ne, tuwon dawa ko gero da ba a surfe shi har ya yi fari fat ba, duk suna aiki, kuma babu wanda sai an je babban kanti kafin a same shi. Tafarnuwa da zoɓo da sauran abubuwan da ake tallatawa a waya a matsayin masu wanke jini kuwa, ko suna da tasiri ɗan kaɗan ne, ba su kai a dogara da su ba.

Akwai wani kitse da ya fi kowanne muni, wanda masana ke kira tirans. Ana samar da shi ne a masana'anta idan aka daskarar da man tsiro don ya daɗe bai lalace ba, kuma yana ɗaga LDL ya kuma sauke HDL a lokaci guda. Denmak ce ta fara taƙaita shi a 2003, Nijeriya kuma, ta hannun hukumar NAFDAC, ta kafa dokar da ta hana ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai. Doka dai ba ta leƙa kowane gidan burodi da kowane kaskon bakin hanya, inda ake maimaita mai har ya yi baƙi. Shi kuwa tiraigilisarid, sukari ne babban mai ɗaga shi. Robar lemo ɗaya mai rabin lita na ɗauke da sukari kusan giram 50, daidai iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka wa baligi na yini guda.

Sai dai akwai abin da littattafan ƙasashen waje ba su cika kulawa da shi ba: matashi a nan ba kasafai yake da iko da tukunya ba. Ko yana gidan iyaye, ko a wurin mai abinci yake ci, ko amarya ce da ke tsoron dangin miji su ce miyarta ba mai. Yaron da zai ce, "Umma, a rage manja a miya," ya san amsar da zai iya samu. Finlan ta fuskanci irin wannan. A 1972 lardin Karelia ta Arewa na cikin wuraren da maza suka fi mutuwa da ciwon zuciya a duniya, mutanensa masu kiwon shanu ne da sarar katako, bota da madara da taba su ne rayuwarsu. Aka tura wani likita da bai kai shekara 30 ba, Pekka Puska. Shi da tawagarsa ba su tsaya a asibiti ba, sai suka bi ta ƙungiyar matan gida aka sauya yadda ake girki, aka shawo kan mutane su koma man tsiro, aka taimaki manoma su shiga noman 'ya'yan itace. Cikin shekara 40 mutuwar maza masu shekarun aiki daga ciwon jijiyoyin zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Shi ya sa ya fi kyau matashi ya tafi da mahaifiyarsa ko matarsa wajen likita ta ji da kunnenta. Tukunyar da aka gyara dominsa za ta amfani mahaifin da ke fama da hawan jini da ƙannen da ba a taɓa gwadawa ba. Lokutan da suka fi wuya su ne azumi, inda buɗa baki ke zama soye-soye tun daga ƙosai har dankali da sambusa, da kuma babbar Sallah, inda ake soya naman layya cikin kitsensa a yi makonni ana ci. A nan ma ba hani ake nema ba, gashi da farfesu su karɓi wani kaso daga hannun kasko.

Motsa jiki ba ya sauke LDL da yawa, amma yana sauke tiraigilisarid, yana ɗaga HDL, yana rage hawan jini da teɓa. Ma'aunin shi ne aƙalla minti 150 a mako na abin da zai sa numfashi ya ɗan ɗaga, wato tafiyar sauri ta rabin awa kwana biyar, ko ƙwallon yamma, ko keke. Sigari da shisha kuwa suna ƙuje fatar cikin jijiya, su sauƙaƙa wa LDL shiga, don haka mai yawan kolestarol da ke busa hayaƙi ya haɗa wa kansa haɗari biyu. Haka 'yan matan da ke sayen ƙwayoyin ƙiba a kemis ba da takardar likita ba: da yawansu magungunan sitiroyid ne, suna ɗaga kitsen jini da suga da hawan jini gaba ɗaya.

Likitoci kan ba da wata uku zuwa shida a gwada wannan gyara, sannan a sake auna jini. Da yawa za su ga lambar ta sauko. Wasu kuwa ko me suka bari ba za ta motsa sosai ba, kuma ba sakacinsu ba ne. Kimanin mutum ɗaya cikin 250 zuwa 300 ana haifarsa da yawan kolestarol na gado. Michael Brown da Joseph Goldstein ne suka gano dalilin, wato ƙarancin kafofin da hanta ke cafke LDL da su, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1985. Alamunsa su ne LDL da ya kai 190, ko tarihin uba ko ɗan'uwa da ya yi bugun zuciya kafin shekara 55, ko uwa kafin 65, wani lokaci da kumburi mai tauri a agara ko a bayan yatsu, ko farin zobe kewaye da baƙin ido tun mutum bai kai 45 ba. Irin wannan matashi yana buƙatar magani tare da gyaran abinci, kuma jinkiri ba ya amfanarsa. Sitatin, wanda masanin Japan Akira Endo ya fara samowa daga fumfuna a shekarun 1970, yana rage kolestarol ɗin da hanta ke sarrafawa, kuma mai ƙarfinsa kan sauke LDL da rabi. Wasu kan ji ciwon tsoka, abin da likita zai iya magancewa ta sauya nau'i ko rage awo. Macen da ke da ciki, ko take nema, ko take shayarwa, wajibi ne ta gaya wa likita, domin akan dakatar da shi a wannan lokaci.

Idan aka tabbatar na gado ne, zancen ya wuce mutum ɗaya. Kowane ɗa da kowane shaƙiƙi na da yiwuwar rabi da rabi ta ɗauke da shi, saboda haka ake kiran iyaye da 'yan'uwa da 'ya'ya duk a gwada su. A gidajen da ake auren zumunci abin ya fi muhimmanci, domin yaron da ya gaji matsalar ta wajen uwa da uba duka biyu kan iya kamuwa da ciwon zuciya tun bai kai shekara 20 ba. Yaran da aka gano da wuri ana fara ba su magani daga shekara 8 zuwa 10.